Ni Zabiya Ne, Kuma Manomi

A ƙauyenmu da ke arewa da Daura, kan hanyar Mai'adua, ba a duba launin fatar yaro kafin a miƙa masa hauya. Da zarar ƙafarka ta yi ƙwari, ka bi yayyenka gona. Haka aka yi da ni, duk da cewa ni zabiya ne. Baba baƙi ne, Inna baƙa ce, yayyena da ƙannena duk haka, ni kaɗai Allah Ya fitar fari a ɗakinmu. Sai da na girma wani ma'aikacin lafiya ya fahimtar da ni cewa abin gado ne da ke ɓoye a jinin uwa da uba duka biyun, kuma idan masu ɗauke da shi suka yi aure, a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi zabiya. Babu hannun aljani a ciki, babu laifin uwa. Fatarmu ce ba ta da isasshen sinadarin melanin mai ba fata launi, shi kuwa wannan sinadarin shi ke tare wa mutum kaifin hasken rana.

Tsokanar yara ta wuce tuntuni, ba na ma riƙe ta a zuciya. Ƙaiƙayi ne ba zan manta ba. Ranar da muka wuni a gona, da yamma fuskata da ƙeyata da damatsana za su yi jajir, su ɗauki zafi, ko riga ta taɓa wurin sai na ji har cikin raina. Wannan mai sauƙi ne. Sai an kwana biyu ainihin abin yake zuwa. Wani irin ƙaiƙayi ne daga can ƙarƙashin fata, yana tsira yana suka, kamar an zazzage mini ƙaiƙayin gero a cikin riga an ɗaure bakinta. In ka sosa ya ƙaru, in ka ƙyale ya hana ka sukuni. Da daddare ya fi tashi. Nakan zauna a tsakar gida ina goga baya da bangon ɗaki ina kuka, kowa na barci sai ni da Inna. Bayan 'yan kwanaki fatar ta fara saɓa, wani wurin ya yi bororo ya fashe, kafin ya warke kuma an koma maimai.

Allah Ya jiƙan Inna, babu abin da ba ta gwada ba. Duk wanda ya shigo gidanmu da maganin da zai faɗa. Wata ta ce a dafa ganyen bedi a yi mini wanka da ruwan da zafinsa. Wani ya ce garin bagaruwa. Aka ce toka, aka ce a dirje wurin da soso da sabulun salo don "dattin" ya fita. Ranar da aka shafa mini man zafi irin na mura, ihun da na yi sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Duk cikin soyayya aka yi, ba wanda ya san ƙuna ce, ƙuna irin wadda wuta ke yi, ita kuwa ƙuna ba ta son dirza, ba ta son zafi a kan zafi. Abu ɗaya da ya riƙa ba ni sauƙi shi ne wanda Inna ta gano da kanta. Takan tsoma tsohon zanenta a ruwan randa, ta ɗan matse, ta shimfiɗa mini a baya. In ya ɗumama ta sake tsomawa. Haka za ta yi ta yi tana cewa, "Sannu ɗan nan, Allah Ya kawo sauƙi," har barci ya ɗauke ni. Daga baya, da na ji likita ya faɗi wannan a matsayin matakin farko na magance ƙunar rana, sai da hawaye suka zubo mini.

Akwai wani dattijo zabiya a garinmu, ba mu haɗa jini ba amma Kawu nake ce masa. Shi nake kallo in ji cewa ni ma zan girma in yi iyali. Manomi ne na gaske, da rani kuma yana bin kasuwanni, duk Lahadi yana Mai'adua a karar dabbobi, tun safe har la'asar cikin rana, 'yar hula ƙube ce kawai a kansa. Fatarsa ta yi kauri ta yi tabo-tabo, leɓensa kullum a tsage. Wata shekara wani ɗan ƙurji ya fito masa a saman kunne. Ya yi ɓawo, ya ɓare, ya sake yin ɓawo. Aka ce gyambo ne, aka ce sammu ne, aka yi ta turare da shafe-shafe. Kafin a kai shi asibiti ciwon ya cinye kunnen ya gangaro wuya. Suka ce dajin fata ne, kuma an makara. Na je gaishe shi kafin ya rasu, ya riƙe hannuna ya ce, "Yaro, ka ji tsoron rana. Ni ba wanda ya faɗa mini." Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Bayan rasuwar Kawu na shiga wani hali. A lokacin na fara noman rani a wata fadama, albasa da tattasai da tumatir, kuma aikin ban-ruwa ya fi noman damina cin fata, don ga rana a sama, ga ruwan fangali yana dawo maka da hasken a fuska da ƙarƙashin haɓa. Sai na lura da wani wuri a bayan hannuna ya yi kaushi, in na kankare ya dawo. Na kasa barci, wannan karon ba don ƙaiƙayi ba. Na sayar da buhun albasa na hau motar Katsina, tafiyar kimanin kilomita 80, na nufi asibitin Babbar Ruga, inda mutanenmu suka daɗe suna kai matsalar fata.

Likitan da na samu bai yi gaggawar sallamata ba. Ya sa na cire riga, ya duba kunnuwa, ya duba leɓe, ya duba ƙeya da tsakiyar kai. Ya ce wurin nan mai kaushi bai zama daji ba tukuna, amma irinsa ne ke rikiɗa idan aka bar shi, ya kuma tura ni inda aka cire shi. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ni ba ni da wata sana'a sai noma. In ka ce in bar rana, ka ce in bar abinci." Ya ce, "Malam, ban ce ka bar noma ba. Lokacin aikinka za ka canza, da kayan da kake sawa." Ya fitar da ni waje ya nuna mini inuwata a ƙasa. Ya ce duk sanda na ga inuwata ta fi ni gajarta, to rana ta kai ƙarfin ƙona ni, in nemi rumfa. A agogo, wajen ƙarfe 10 na safe ne zuwa 4 na yamma. Ya kuma gaya mini abin da ya ba ni mamaki, cewa ba zafin rana ke ƙona fata ba, wani haske ne da ido ba ya gani, kuma mafi yawansa yana ratsa gajimare. Nan take na gane dalilin da ya sa nake shan ƙuna mafi muni a watan Agusta, lokacin da gari ya yi luf, iska na kaɗawa, mutum ya tuɓe riga yana noma cikin jin daɗi. A wajenmu nan, kusan ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta rana kan tsaya daidai tsakiyar ka. Ta Afrilu kowa na gudunta saboda zafin bazara ya kan haura digiri 40. Ta Agusta ce ke yaudara. Hazon hunturu ma haka, ba kariya ba ne.

Da na dawo gida, wahalar ba a gona take ba, a bakin mutane take. Baba ya tsufa, Yaya ne ke jan ragamar gandu. Da na ce masa daga yau zan riƙa tashi da hantsi in dawo bayan la'asar, sai ya ɗaure fuska ya ce, "To mu da muke wuni, mu ba mutane ba ne?" Ban yi masa gardama ba. Na ce, "Yaya, ka auna mini kunyoyina, in ban gama su ba ka faɗi duk abin da kake so." Tun daga nan, da an sallame sallar asuba ina kan hanya, gari na wayewa ina bakin kunya. In yi aiki ba hira ba zama har inuwata ta fara janyewa, in tafi. La'asar sakaliya in dawo in ɗora har kiran magariba. Da aka yi girbi ba a ga bambanci ba, Yaya kuwa da bakinsa ya ce aikin sanyin safiya ya fi auki. Yanzu rabin gidanmu haka suke yi. Ban-ruwa ma da safe ko da yamma ya fi, don ruwan ba ya saurin ƙafewa.

Wani abin da manomi ya sani amma bai cika lissafawa ba shi ne inuwar da zai fake. Gonarmu cike take da gawo, shi kuwa gawo da damina yake zubar da ganye, daidai lokacin da ake bukatarsa. Zama a gindinsa da tsakar rana zama a fili ne. Tsamiya ce mai inuwa, ita kuma tana can nesa a kan iyaka. Sai na kafa 'yar rumfa ta karan dawa da zana a tsakiyar gona, na yi mata rufi mai kauri wanda haske ba ya ɗigowa.

Sai tufafi. A da farar riga mai shara-shara nake so saboda iska, ashe in ta jiƙe da gumi kusan ba ta tare komai. Yanzu kafin in sayi yadi ko rigar gwanjo, nakan ɗaga ta sama in kalli rana ta cikinta. In na ga haske yana ratsowa sosai, in ajiye. Mai saƙa a matse nake nema, mai duhun launi, dogon hannu har wuyan hannu, kuma mai walawa don kada zafi ya kashe ni. Wando har idon sawu, da safa da takalmin roba, saboda bayan ƙafa yana ƙonewa ƙwarai in mutum na tsaye a fangali. Malfa kuwa ta zama abokiyar tafiya. Ta kasuwa bakinta bai ishe ni ba, sai na sami wani mai saƙar kaba na ce ya faɗaɗa mini baki ya wuce faɗin tafin hannu ko'ina, ya matse saƙar, matata kuma ta ɗinka mata ƙyalle a ciki da wani a baya mai saukowa kan ƙeya. Hular hana-sallah ba ta rufe kunne, kuma ni na ga abin da kunne ya yi wa Kawu. Ina sa baƙin gilashi, don idanunmu ma ba sa jure haske.

Man kariya daga rana shi ne mai tsada, gaskiya ke nan. Kuɗin kwalba ɗaya sai ya sayi tiyoyin gero masu yawa, kuma ba kowane kemis ne ke ajiye shi ba, sai a Katsina ko Kano nake samu. A jikinsa akwai lamba bayan haruffan SPF. Mai 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, mai 50 kusan kashi 98, mu zabaya mai 50 ake ce mu nema. Ana shafawa kamar minti 20 kafin a fita, a kuma sake bayan kowace awa 2, ko in gumi ya wanke shi. Alwala ma tana wanke shi, don haka bayan na idar da la'asar sai na sake shafawa kafin in koma. Tunda tufafi sun rufe sauran jiki, ni a fuska da leɓe da kunne da wuya da bayan hannu kawai nake sa shi, sai ya daɗe mini. Man kaɗe yana da kyau wajen laushin fata, amma kada wani ya ce maka yana maye gurbin wannan. Na ji masu faɗin haka, ba gaskiya ba ne.

Duk da haka wani lokacin rana takan same ni, ranar jana'iza ko ranar da injin ban-ruwa ya lalace da tsakar rana. In hakan ta faru, ina isa gida nake watsa ruwa mai sanyi, na randa, ba ƙanƙara ba, don ƙanƙara kai tsaye tana ƙara wa fatar rauni. Ba soso, ba sabulu mai ƙarfi, kuma ba na goge jiki da tawul, dannawa kawai nake a hankali. Sai zanen Inna, wato ƙyalle jiƙaƙƙe a kan wurin na ɗan lokaci, a maimaita. In fatar na da sauran laima sai in shafa ruwan alobera ko mai marar turare. Basilin da man kaɗe ina jinkirta su sai zafin ya fita, saboda mai mai kauri yana riƙe zafi a sabuwar ƙuna. In ƙaiƙayin nan na kwana biyu ya taso, ruwan kalamin yana kwantar da shi, haka man haidirokotizon mai kashi 1 cikin 100, a shafa kaɗan na 'yan kwanaki, ba a kan inda ya fashe ba. Ƙwayar ƙaiƙayi irin su firiton tana taimaka wa barci da daddare, amma tana sa gyangyaɗi, wanda ya sha kada ya hau babur. Don raɗaɗi akwai farasitamol, ko ibuprofen ga wanda ba shi da olsa, shi ma bayan an ci abinci. Ina yanke farce, in abin ya matsa in danna wurin da tafin hannu maimakon susa. Bororo ba a fasa shi, rufin da Allah Ya yi wa ciwon ne, in ya fashe da kansa a wanke a rufe da tsabtataccen bandeji. Ga shan ruwa da yawa, don ƙuna tana janye ruwan jiki. A shekarun da azumi ya faɗo cikin bazara, tsakanin buɗa-baki da sahur nake rama shi a hankali. Amma in bororon ya mamaye wuri mai faɗi, ko ga zazzaɓi da amai da jiri, ko wurin ya fara ruwa da mugunya, wannan ya wuce na gida, asibiti za a tafi.

Kada mai baƙar fata ya karanta wannan ya ce ba da shi ake ba. Ƙanena birkila ne a cikin Daura, baƙi ne wuluk. An taɓa ba shi maganin doksisaikilin, ya ci gaba da wuni a kan gini, sai ga fuskarsa da hannayensa sun yi duhu sun ɗauki raɗaɗi, ƙaiƙayi ya hana shi barci, daga baya fatar ta saɓe. Shi ja bai nuna a jikinsa ba, shi ya sa ya ɗauka ƙurajen zafi ne. Ni na ce masa ya koma wurin wanda ya rubuta maganin, aka tabbatar masa wannan maganin yana sa fata ta kasa jure rana. Ƙurajen zafi daban suke, ƙanana ne, a inda gumi ke taruwa ƙarƙashin riga suke fitowa, ita kuwa ƙunar rana tana bin inda riga ba ta rufe ba, har ka ga iyakar wuyan riga a fata. Su kuma 'yan'uwanmu mata masu shafa man bilicin, ina jin tausayinsu har zuciya. Garkuwar da ni nake nema da kuɗi ban samu ba, ita suke kankarewa da kuɗinsu, sannan su fita talla ko biki cikin rana, kumatu su ƙone su yi baƙi.

Shekarun baya Allah Ya ba Yaya 'ya mace zabiya. Ranar suna wasu suna ta ƙus-ƙus, ni kuwa na ɗauke ta na ce wannan tawa ce. Tun tana goye na hana a fita da ita tsakar rana ba lulluɓi. Da ta isa shiga firamare na je na sami hedimasta, na roƙe shi ta riƙa zama a layin gaba saboda idonta, a bar ta ta sa dogon hannu da malfa a kan hijabi, kuma kada a tsayar da ita a rana da sunan horo. Ya karɓa hannu bibbiyu, Allah Ya saka masa. Yarinyar nan yanzu ta fara girma, ba ta taɓa kwana tana kukan ƙaiƙayi ba, fatarta sumul, ko tabo ɗaya babu. In na ce "Ina malfarki?" sai ta ce, "Baffa, ai ga ta," tun kafin in rufe baki.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara don wayar da kai game da zabaya, an fara tun 2015. Ranar takan zo mana daidai farkon damina, muna tsakiyar shuka, labarinta ma a rediyo muke ji. Abin da nake roƙon hukumomin lafiya na jiharmu shi ne a kawo man kariyar nan asibitocin karkara a farashin da talaka zai iya, a kuma koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci duba fatar zabiya, don ba kowa ke da buhun albasar da zai sayar ya je Katsina ba. Kafin nan, duk gidan da na ji an haifi zabiya a ƙauyukan da ke kusa da mu, nakan je barka da 'yar ƙaramar malfa, in zauna da uban a zaure in faɗa masa abin da likita ya faɗa mini. Na kuma ce duk ƙurjin da ya yi wata guda bai warke ba, musamman a kunne ko leɓe ko ƙeya, kada a tsaya turare, a kai asibiti. Ni kaina duk bayan girbi nake zuwa a duba ni, kuma bana da 'yar Yaya za mu tafi.